Bakin Wuta da Idon Kyamara

Duk yaron da ya tashi a garin Ɗan Barto na kan iyakar Nijar da Nijeriya ya san wasan, ko da ba a raɗa masa suna ba. Bayan isha'i, lokacin ɗari, a zaro bakin wuta daga murhu, a fita ƙofar gida a yi ta wulwula shi har garwashin ya daina zama ɗigo, ya koma jan zobe tsaye a cikin iska. Sai uwa ta leƙo ta daka tsawa, don danga da rumbu ba su san wasa ba. Zoben nan ba gaskiya ba ne. Ido ne ke riƙe haske na ɗan lokaci bayan hasken ya wuce. To, abin da ido ke yi cikin ƙiftawa, kyamara tana iya jan sa ya kai daƙiƙa 30, ko sa'a guda cur, kuma a kan wannan aka kafa wani reshe na sana'ar hoto: a bar ƙyauren kyamara a buɗe cikin duhu, fitilu masu motsi su zana abin da suka ga dama.

A Turai da Amurka, abin da masu wannan reshe suka fi ƙauna shi ne filin wasa da dare, inda manyan lilo masu fitilu ke juyawa da mutane. A hoto, lilon kan ɓace, ya bar faifan haske mai launi-launi kamar wanda gwanar saƙa ta gama.

Abin dariya, doguwar buɗewa ba gwaninta ba ce da farko. Lalura ce. Hoto mafi tsufa da ya rage na abin da kyamara ta gani, wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826, ya ci aƙalla sa'a 8, har rana ta haska gine-ginen ta ɓangarori biyu. A 1838 Louis Daguerre ya saita na'urarsa kan titin Boulevard du Temple na birnin Faris, titi mai cike da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa. Hoton ya fito fayau, kamar an yi gudun yaƙi. Duk mai motsi ya goge kansa da kansa. Wanda ya rage shi ne wani mutum da ya tsaya a kusurwa ana goge masa takalmi, tare da inuwar mai gogewar. Masu sana'a sun shafe shekaru suna neman maganin wannan cuta, suna ƙera fim mai saurin kama haske, kafin wasu su waiwayo su ce ashe cutar tana da kyau.

Sai da lilo da lantarki suka haɗu. A 1893 injiniya George Ferris ya kafa ƙatuwar ƙafar ƙarfe a bikin baje kolin duniya na Shikago, tsayinta kimanin mita 80, tana ɗauke da ɗakuna 36, kowanne na cin mutum 60. Shekara goma bayan haka aka buɗe Luna Park a Coney Island, gefen birnin Niyok, da ƙwayayen fitila fiye da 200,000. A Faris, farkon shekarun 1930, Brassaï ya riƙa yawo da kyamara a kan ƙafa uku yana ɗaukar tituna da filayen wasa cikin dare, kuma ana ba da labarin cewa da taba yake auna lokaci: idan kara ya ƙone, ya rufe ƙyaure. Amma shekarar da masu sana'ar suka fi ambata ita ce 1949. A cikinta Andreas Feininger na mujallar Life ya ɗauki lilon Coney Island suna juyawa, ya kuma sa aka maƙala fitila a bakin farfelar jirgi mai saukar ungulu, jirgin ya tashi ya bar zobba a kan zobba. A cikinta kuma Gjon Mili ya je wajen Picasso a kudancin Faransa, ya sa shi zane a iska da ƙaramar fitila cikin ɗaki mai duhu. Wato dai wasan bakin wuta ne, sai dai babu uwar da za ta yi tsawa. Daga wajen 1970 wani Ba'amurke, Roger Vail, ya mai da lilon dare aikin rayuwarsa, yana bin bukukuwan Kalifoniya da babbar kyamara.

A ƙasar Hausa labarin ya bi wata hanya dabam, kuma dalilin ba rashin sanin dabara ba ne. Tsofaffin masu hoto na bakin kasuwa da ƙofar ofis, masu akwatin katako a kan ƙafa uku, doguwar buɗewa ce abincinsu na kullum. Akwatin ba shi da ƙyaure mai harbawa. Mai hoto zai zaunar da mutum a gaban ƙyalle, ya gyara masa hula, ya ce «Alhaji, kada a motsa», sannan ya cire murfin idon kyamara da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Cikin akwatin akwai ƴan kwanukan magani, sai ya zura hannu ta wani hannun riga ya wanke takardar a lalube. Abin da ke fitowa baƙi ne a gurbin fari, don haka dole ya sake ɗaukar hoton wannan takarda kafin fuska ta dawo daidai. Da irin wannan aka yi hotunan katin shaida da na fasfo masu tarin yawa. Mai wannan aiki ya san daƙiƙa a yatsunsa fiye da mai agogo. Sai dai a wurinsa duk wani zirin haske ko dusu-dusu ɓarna ce: takarda ta tafi, magani ya tafi, ga mai hoto yana jira.

Da dare kuwa, filasha ce sarauniya. A Bamako, Malick Sidibé ya buɗe sutudiyonsa a unguwar Bagadadji farkon shekarun 1960, yana bin raye-rayen samari har asuba, ya koma ɗakin duhu ya wanke, da safe ya liƙa ƙananan hotuna kowa ya zo ya zaɓi nasa. Hotonsa na daren Kirsimeti na 1963 ya zaga duniya, kuma a 2007 aka ba shi Zakin Zinariya a baje kolin zane na Benis. A Yamai, Philippe Koudjina, mai sutudiyon Photo Souvenir, ya yi irin wannan aiki a gidajen rawa da wuraren shaƙatawa na shekarun 1960 da 1970, har ya zama taskar ƙuruciyar babban birnin Nijar kafin rasuwarsa a 2014. Dukansu gwanayen dare ne, amma da daren suke faɗa. Filasha tana tsayar da komai cikin ƙasa da ƙiftawar ido, fuska ta fito tar, ɗinkin riga ya fito, agogon hannu ya fito. Abin da ake biya ke nan. Wa zai ba da kuɗinsa a kan hoton da shi kansa ya narke ya zama hayaƙi?

Nan ne gizo ke saƙar. A Amurka mujalla ce ke biyan Feininger, kuma mujalla abin mamaki take nema. A Damagaram ko Daura ko Kano, wanda ke cikin hoton shi ke biya. Ga shi kuma wuraren da lilo suke, irin Gidan Zoo na Kano da aka buɗe zamanin Audu Bako, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai da aka kafa a 1959, cikarsu ta ranakun sallah ce, kuma yawancinta da rana. Masu hoto kan yi dafifi a can, amma don su ɗauki yarinya da sabon lalle, ba don su jira fitila ba. Kafin duhu ya yi, iyaye sun kwashe ƴaƴansu.

Zuwan injinan wanke hoto mai launi a shekarun 1980 ya ƙara nisanta abin. Mai ɗakin duhu yana da iko da hotonsa daga farko har ƙarshe. Wanda ke aika fim birni a motar haya kuwa, sai abin da inji ya ga dama, kuma inji idan ya ga hoto rabinsa baƙi sai ya ɗauka kuskure ne, ya haskaka shi har baƙin ya koma ruwan toka. Fim ɗin ma yana da nasa halin: da zarar buɗewa ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ya fara kasala, ya buƙaci lokaci fiye da yadda lissafi ya nuna, launinsa kuma ya karkata. A naɗi mai hoto 36, babu mai iyali da zai ƙona goma wajen gwaji.

Dabarar kanta ba ta da wuya. Sharaɗin farko, kyamara kada ta motsa ko kaɗan, don haka ƙafa uku, in babu kuma katanga ko buhun gero sun wadatar. Ana rage saurin kama haske zuwa mafi ƙanƙanta, wajen 100, a tsuke kafar da haske ke shiga zuwa 11 ko 16, a bar ƙyaure daƙiƙa 2 zuwa 30 gwargwadon gudun abin da ake ɗauka. Idan ana son fiye da haka, akwai harafin B a jikin kyamara, wanda ya samo asali daga robar da masu hoton da can suke matsawa da hannu: muddin ana riƙe, ƙyaure na buɗe. Ba a danna maɓalli da yatsa, sai a sa agogon jinkiri, don ko bugun jini yana girgiza hoto. Lilo mai gudu daƙiƙa biyu ta ishe shi, babbar ƙafa mai tafiyar hawainiya kuwa sai an ba ta lokacin da fitilunta za su haɗe zobe. Gwanaye sun fi son tsakanin magariba da isha'i, sa'ad da sama ke da sauran shuɗi, don baƙin dare tsantsa yana cinye siffar gini da itace, ya bar haske yana shawagi ba tushe. Kuma fitilun zamani sun canza zanen. Tsohon ƙwai mai zare yana barin layi santal, mai ruwan zuma. Sababbin ƙananan fitilu suna ƙyaftawa da sauya launi da saurin da ido ba ya kamawa, sai layin ya fito a gutsuttsure kamar ɗinkin hula. Wasu tsofaffin hannu ba sa son haka, suna ganin ya yi hayaniya, amma da wuya a ɗauki lilo guda sau biyu a sami zane iri ɗaya.

Kyamarar zamani marar fim ce ta kawar da tsadar gwaji, har kamfanin Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera irinta ta farko a 1975, ya durƙushe a 2012. Sannan waya ta zo. Daga 2018 manyan wayoyi suka fara fitowa da tsarin ɗaukar dare, yau kuma ya sauko har cikin wayoyin Tecno da Infinix da suka cika aljihun samarin kan iyaka. Sai dai a lura, tsarin nan jikan filasha ne a ra'ayi. Yana ɗaukar hotuna gajeru da yawa ya haɗe su, ya share duk abin da ya motsa, don fuska ta fito. Mai son zirin haske dole ya tsallake shi, ya shiga inda ake saita lokaci da hannu, ya jingina wayar da gwangwanin madara, ya koma ƙirgen mai akwatin katako.

A nan ne Ɗan Barto ke da abin da Niyok ta rasa tuntuni, wato duhu. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta Matameye, ta tsallaka Kwangwalam ta nufi Daura da Kano, kuma ko kafin Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, dare a irin waɗannan garuruwa dare ne na gaske. A birni mai yawan fitila, daƙiƙa 30 tana iya wanke hoto ya yi fari fat. A nan kuwa kowace fitila tana da filinta. Ba a buƙatar ƙafar Ferris. Tirela ta taso daga shinge, an yi mata ado da ƙananan fitilu ja da kore da shuɗi tun daga goshi har wutsiya, sai ta bar layuka biyar ko shida a jere, suna lanƙwasa tare a kan kwana. Ƴan kabu-kabu suna saƙa tsakaninsu, kowane rami a hanya ya fito a matsayin ɗan tsalle a jikin zaren. Mai tsire ya fifita garwashi, tartsatsi ya tashi kamar kan gero. Da hunturu, ƙura tana yi wa kowace fitila rawani. Da damina, ƙwarin da ke kewaya fitilar mai shayi suna rubuta wani abu mai kama da rubutun yaron da bai iya riƙe alƙalami ba.

Mutane kuwa, hukuncin Daguerre na nan bai canza ba. Yarinya mai tallan gyaɗa ta ratsa ta gaban kyamara, ba ta bar ko inuwa ba, sai ɗan zirin tocilar da ke kan farantinta. Yaron mota da ke kai da kawowa da takardu shi ma babu shi. Mai shayi yana fitowa da ƙafafu biyu daram, amma daga ƙugu zuwa sama hayaƙi ne, saboda hannunsa bai huta ba. Wanda ke fitowa cikakke, har a ƙirga layukan rigarsa, shi ne direban da ya shimfiɗa tabarma a gindin taya, ya ɗora hula a fuska, yana jiran gari ya waye a buga masa hatimi.