Mutumin Karfi da Ɗakin Shari'a

A zamanin mulkin En'e, in mutumin Karfi ya yi rigima da wani a kan iyakar gona ko bashin auduga, sai a kai su gaban alƙali a Malumfashi, garin Galadiman Katsina. Wanda hukunci bai gamshe shi ba yana da ikon ɗaukaka ƙara har birni. Amma fa kaɗan ne suka san da wannan iko. Littattafan alƙali da Larabci suke, dokokin Gwamnati da Turanci, shi kuwa manomi ba ya jin ko ɗaya. Abin da dogari ya faɗa masa, shi ke nan doka.

Da aka kafa Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, manya suka shiga aji, jaridar Himma ta Lardin Katsina ta riƙa zuwa daga Zariya. Mai iya karanta sammaci da kansa ya fara wuyar ruɗi.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Bisa shawararsu aka tsara Dokar Laifuffuka ta 1959, ta soma aiki ran 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun mulkin kai. Kowane laifi aka rubuta shi da hukuncinsa, aka riƙa tura alƙalai kwas a Zariya. Aure da gado aka bar su ga shari'ar Musulunci.

Haƙƙoƙin ɗan ƙasa kuwa ta wata hanya suka biyo. Ƙananan ƙabilu ne suka ji tsoron danniya, Kwamitin Willink ya ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙoƙin kowa cikin tsarin mulki. Kukan wasu can nesa, sai ga shi ya amfani talakan Karfi. To, amma rubutu dabam, aiki dabam. 'Yan NEPU ba su daina shan ɗauri ba, kotuna ba su fita hannun En'e ba sai wajen 1968, matan Arewa kuma ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Babi na 4 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, a kai shi cikin kwana guda. Daga Karfi zuwa Malumfashi bai kai haka ba.