Ranar da ɗan tseren keke ya zama maƙeri

Yau tarihin wani Bafaranshe zan kawo muku, Eugène Christophe, mutumin da bai taɓa lashe gasar Tour de France ba, amma sunansa ya fi na wasu zakarunta zama a bakin mutane.

Ita dai wannan gasa jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro ta a 1903, don ta ƙara kasuwa. Masu keke ne ke zagaya Faransa zango-zango, a ƙarshe a haɗa lokacin kowa, wanda nasa ya fi kaɗan shi ne gwani. Editan jaridar, Henri Desgrange, mutum ne mai tsauri. Cikin dokokinsa har da cewa idan kekenka ya lalace, kai kaɗai za ka gyara abinka, ba mai sa maka hannu.

A 1912 Christophe ya zo na biyu, don haka a 1913 ana sa masa rai ƙwarai. A zango na shida, mai kilomita 326 daga Bayonne zuwa Luchon, yana cikin na gaba-gaba. Yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka kimanin kilomita 10 a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, inda ya sami maƙera. Maƙerin yana tsaye yana kallo, sai dai ya faɗa masa yadda zai yi da baki. Alƙalan gasa kuma sun kasa sun tsare.

To, mai karatu, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san mutum ɗaya ba ya riƙe ƙarfe da masaba kuma ya yi zuga. Wani yaro ne ya ɗan taɓa masa zuga-zugi. A kan wannan aka ci shi tarar minti 10, bayan sa'o'in da ya riga ya yi asara. Duk da haka ya hau kekensa ya ƙarasa zangon, ya kammala gasar a matsayi na bakwai. Philippe Thys na Beljiyam ne ya lashe.

A 1919 aka fito da rigar nan ruwan ɗorawa ta wanda ke kan gaba, kuma Christophe ne farkon wanda ya sa ta. Ana saura zango ɗaya a gama, ƙarfen nan ya sake karyewa. Ya sake gyarawa da hannunsa, ya ƙare na uku, Firmin Lambot ya ɗauke nasarar. Masu karanta jaridar suka yi masa karo-karo. A 1922 ma haka ta sake faruwa da shi a dutsen Galibier.

Ni a ganina alƙalan ba su yi ƙarya ba, doka suka bi. Sai dai dokar da za ta hukunta mutum don yaro ya hura masa wuta, ita ce abar dubawa. Daga baya an yi watsi da ita. Yau motoci ke bin 'yan tsere da kekunan canji, cikin daƙiƙoƙi an miƙa maka wani. A bangon maƙerar nan kuwa an kafa allo mai ɗauke da labarin, masu keke na tsayawa su karanta.

Mu kwana nan.