Dick Tiger: Zakaran Da Yaƙi Ya Raba Mu Da Shi

Wannan makon zan ɗan jingine zancen littattafai, in ɗauko muku tarihin wani ɗan dambe. Mu mutanen Gaya da Ajingi ba baƙin dambe ba ne, domin da zarar kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, kalangu zai fara kiran samarin mahauta fili. Amma tambayi matasanmu wane ɗan Najeriya ne ya taɓa riƙe kambun duniya na damben Turawa a ajin matsakaita nauyi, da ƙyar ka samu mai amsa. Sunansa Richard Ihetu, duniya kuma ta san shi da Dick Tiger.

Damben Turawa ya sha bamban da namu. Mu hannu ɗaya ake naɗewa da zare, a yi turmi uku. Su kuwa hannu biyu ake sa wa safa, a raba 'yan dambe gwargwadon nauyinsu. Ɗan ajin matsakaita ba ya wuce kilo 72 da rabi, kuma a wancan zamani karawar kambun duniya turmi 15 ce, kowane turmi minti uku.

An haifi Dick Tiger a 1929 a garin Amaigbo da ke ƙasar Ibo. A 1955 ya tafi Libaful ta Ingila neman abinci da ƙwanjinsa, ya kuwa fara da ƙafar hagu, don karawa huɗu na farko duk shi aka cinye. Da wani ne, da ya tattara ya dawo gida. Shi kuwa ya daure, a 1958 ya kashe Pat McAteer, kamar yadda 'yan dambenmu ke cewa, ya karɓi kambun daular Ingila. Daga nan ya haye Amurka, inda a watan Oktoba 1962 ya doke Gene Fullmer a San Faransisko ya zama zakaran duniya, ɗan Najeriya na biyu bayan Hogan Bassey wanda ya ci nasa a 1957.

Sun sake karawa a farkon 1963 aka tashi canjaras, sai aka kawo ta uku gida. Ranar 10 ga Agusta 1963, a filin wasa na Liberty da ke Badun, Tiger ya yi wa Fullmer lilis har aka tsayar da damben bayan turmi na bakwai. Gwamnati ce ta tsaya wa wasan da kuɗi, don a nuna wa duniya ƙasar da ba ta cika shekara uku da samun 'yanci ba. A wannan dare ba wanda ya damu da ƙabilarsa. Na kowa ne.

Kambu dai rawanin aro ne. Joey Giardello ya ƙwace shi a Disamba 1963, Tiger ya maido abinsa a Oktoba 1965, Emile Griffith kuma ya karɓe a Afrilu 1966. Yana da shekara 37 a lokacin da ya hau ajin da ke sama, ya doke José Torres a Disamba 1966, ya sake zama zakaran duniya a kan mutanen da suka fi shi jiki.

To, a wannan shekara ta 1966 ne ƙasar ta tsage. A Janairu sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, bayan nan kuma aka kashe Ibo da yawa a Kano da wasu garuruwan Arewa, sauran suka gudu gida. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967, Tiger ya bi Biyafara, har aka ba shi muƙamin laftanan. A Mayu 1968 Bob Foster ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu a Nuyok, kambu ya tafi. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girmamawar da ta ba shi, saboda tana taimakon gwamnatin tarayya da makamai.

Yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, ya bar shi cikin asarar dukiya. Ya yi damben ƙarshe a wannan shekara, sannan zakaran duniya ya kama aikin gadi a wani babban gidan kayan tarihi a Nuyok. Da likitoci suka gano ciwon daji a hantarsa, ya dawo gida, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42.

A ganina yaƙin nan ne ya goge sunansa daga bakinmu. Iyayenmu sun yi nasu rashin a fagen daga, ba kuma zan ce su yi murna da wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren ba. Sai dai shi ma yana da nasa gawawwakin, wasu a nan ƙasarmu ta Kano suka faɗi. In za mu ba 'ya'yanmu tarihi, mu ba su duka: daren Badun da muka yi tafi tare, da shekarar da muka zubar da jinin juna. A filin dambe, in an kashe mutum, wanda ya kashe shi kan miƙa hannu ya tashe shi. Ko wannan kaɗai muka koya daga mahauta, ya isa mu riƙa ambaton Dick Tiger cikin zakarunmu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.