Sauya Wayar Salula da Kwamfuta Domin Kare Sirri: Bayani ga Jama'a da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, ta zama abokiyar zaman manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci. A cikinta ake ajiye lambobin 'yan uwa da hotunan iyali, da ita ake tura kuɗi, kuma tun daga ƙarshen shekarar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. A ƙasashen Turai da Amurka, wasu mutane da hukumomi sun daɗe suna barin wayoyi da kwamfutocin da aka saba da su suna komawa ga wasu, saboda tsoron yadda ake kwasar bayanansu. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'a su san dalilin wannan sauyi, da irin na'urorin da ake komawa gare su, da abin da suke iya karewa, da kuma abin da ba za su iya karewa ba.

Su wane ne ke ganin abin da ke cikin waya?

Kafin mutum ya yi tunanin sauya na'ura, ya kamata ya san cewa masu iya ganin bayanansa kashi huɗu ne. Na farko shi ne kamfanin layi, wanda ya san wanda aka kira da lokacin kiran, ya kuma san yankin da waya take ta hanyar turken sadarwar da ta kama. Na biyu shi ne kamfanin da ya rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, wato Google ga wayoyin Android, da Apple ga wayoyin iPhone. Na uku su ne masu ƙananan manhajojin da mutum ke saukewa da hannunsa, waɗanda ke neman izinin duba lambobi da hotuna da wurin da yake. Na huɗu kuwa shi ne duk wanda wayar ta shiga hannunsa, kamar mai gyara ko mai caji ko ɓarawo.

Sauya na'ura yana rage abin da kashi na biyu da na uku ke samu. Ba ya hana kamfanin layi sanin abin da ya sani, ba ya kuma hana wanda aka miƙa wa waya a buɗe ya duba ta.

Abubuwan da suka jawo sauyin

A watan Yunin 2013, Edward Snowden, wanda ya yi aikin kwangila da hukumar tsaron ƙasa ta Amurka, ya fitar da takardun da suka nuna yadda hukumar ke tattara bayanan sadarwar miliyoyin mutane. A shekarar 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda ta raunana tsaron masu amfani da su. A shekarar 2021 wani binciken haɗin gwiwa na 'yan jarida ya bayyana yadda aka yi amfani da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ya ƙera, wajen kutsawa cikin wayoyin 'yan jarida da masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. A shekarar 2022 kuma Google ya amince ya biya dala miliyan 391.5 ga jihohi 40 na Amurka kan zargin ci gaba da adana wurin da mutane suke bayan sun zaci sun kashe wannan tsari.

Nahiyarmu ma ba ta tsira ba. A shekarar 2020 masu binciken tsaro suka bayar da rahoton cewa kimanin wayoyi 53,000 ƙirar Tecno W2, waɗanda aka sayar a ƙasashe irin su Gana da Kamaru da Habasha, sun zo da muguwar manhaja mai suna Triada tun daga kwali, wadda ke shigar da mai waya cikin tsare-tsaren biyan kuɗi ba da saninsa ba. Kamfanin ya ce tsohuwar matsala ce kuma ya fitar da maganinta. A Nijeriya kuwa, wasu manhajojin ba da rance sun riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, suna aika wa 'yan uwansa da abokan aikinsa saƙon tozarci idan ya yi jinkirin biya. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara ɗaukar mataki a kansu a shekarar 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji duba lambobi da hotunan mutane.

Wayoyin da ake komawa gare su

Kashi na farko su ne wayoyin Android da aka cire wa manhajojin Google. Mafi shahara a cikinsu shi ne GrapheneOS, babbar manhaja ta kyauta da aka gina domin wayoyin Pixel, wadda ke ba mai waya damar hana kowace manhaja shiga intanet ko ganin lambobinsa. Akwai kuma /e/OS, wadda wani Bafaranshe mai suna Gaël Duval ya assasa, ana sayar da wayoyi ɗauke da ita da sunan Murena. Daga cikinsu har da wayar Fairphone ta ƙasar Holan, wadda aka ƙera ta yadda mai ita zai iya sauya batir ko gilashi da kansa.

Kashi na biyu su ne wayoyin da ke aiki da Linux, kamar Librem 5 ta kamfanin Purism na Amurka da PinePhone ta Pine64. Waɗannan suna da makunnai na zahiri da ke yanke wuta daga kyamara da makirfo da sashen kama sabis, ta yadda babu manhajar da za ta iya kunna su a ɓoye. Sai dai manhajojin da jama'a suka saba da su ba su cika aiki a kansu ba.

Kashi na uku ita ce ƙaramar waya mai madannai, wadda jama'ar karkara suka riga suka sani. Yawancin irinta ba su ɗaukar manhajojin talla da na rance, cajinta yana kwanaki, kuma ana iya tura kuɗi da ita ta hanyar danna lambobin banki. Amma ya kamata a sani cewa kira da saƙon tes na yau da kullum ba su da irin kullen da ke hana kowa karantawa in ban da mai aikawa da mai karɓa, kamar yadda yake a manhajar Signal da WhatsApp. Saboda haka ƙaramar waya tana kare mutum daga masu kwasar bayanai domin talla, amma ba wurin tattauna asirin ofis ba ce.

Kwamfutoci da darasin hukumomin Turai

A ɓangaren kwamfuta, sauyin yawanci ba ya buƙatar sayen sabuwar na'ura. Ana cire Windows ne a sa Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan a 1991. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowane masani na iya duba abin da take aikatawa. Nau'o'inta masu sauƙin koyo sun haɗa da Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Linux Mint. A madadin Microsoft Office kuma ana amfani da LibreOffice wajen buga wasiƙu da lissafi. Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11.

Hukumomi uku sun bar darasin da ya dace ma'aikatan ƙananan hukumomi su yi nazari a kai. Rundunar jandarmomin Faransa ta bi abin a hankali: ta fara sauya manhajojin buga takardu da na shiga intanet, sai da ma'aikata suka saba, sannan daga 2008 ta shiga mayar da dubban kwamfutocinta zuwa wani nau'in Ubuntu. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala sauya kimanin kwamfutoci 15,000 a 2013, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, bayan koke-koke kan wahalar musayar takardu da wasu hukumomi da kuma sauyin shugabanci. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus kuwa ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kimanin kwamfutoci 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, domin bayanan jama'arta su kasance ƙarƙashin ikonta.

Abin da muka fahimta daga waɗannan shi ne, nasarar sauyin ta dogara ne ga horar da ma'aikata, da samun mai gyara a kusa, da tsayawa kan shawara ɗaya ko da shugabanci ya sauya.

Abin lura kafin saye

Na farko, akasarin waɗannan wayoyi na musamman suna da tsada, ba a cika samunsu a kasuwanninmu ba, kayan gyaransu ma haka. Wayar da ta lalace a ƙauye ba mai iya taɓa ta ba ta amfani mai ita ba. Na biyu, wasu manhajojin banki suna ƙin aiki a wayar da aka sauya wa babbar manhaja, don haka a bincika kafin a sauya. Na uku, wanda ya sayi wayar kare sirri sannan ya cika ta da manhajojin da ya gudu dominsu, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Na huɗu, a yi hattara da duk mai tallar waya yana cewa babu wanda zai iya sauraronta. A watan Yunin 2021 aka bayyana cewa wayoyin sirri masu suna Anom, waɗanda ƙungiyoyin masu laifi suka riƙa saye da tsada, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka ce ke tafiyar da su tare da 'yan sandan Ostareliya, ana karanta saƙonninsu, har aka kama fiye da mutum 800. Darasin da ke ciki ga mai gaskiya shi ne, kalmar mai sayarwa ba hujja ba ce. Hujja ita ce manhajar da masana masu zaman kansu suka bincika, kuma take samun sabuntawa a kai a kai.

Matakan da kowa zai iya ɗauka ba tare da sayen komai ba

A sa wa waya lambar sirri wadda ba shekarar haihuwa ba, a kuma sa wa katin layi tasa lambar, domin wanda ya saci layi maras kulle yana iya neman hanyar shiga asusun banki da shi. Idan za a kai waya wurin caji a kasuwa, a kulle ta ko a kashe ta. Idan za a kai ta gyara, a cire layi da katin memori, kuma kada a bayar da lambar sirri sai in aikin ya tilasta, a tsaya a yi shi a gaban mai ita. Wanda ya sayi waya ta hannu ya goge ta gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani, haka ma wanda zai sayar da tasa. A guji karɓar manhajoji ta hanyar turawa daga wayar wani, a sauke su daga rumbun da aka sani. A riƙa duba izinin da aka ba kowace manhaja: tocila ko manhajar lissafi ba ta da abin yi da lambobin mutane. Lambar da banki ke turowa ta tabbatar da ciniki kuwa ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake kira.

Nauyin da ke kan ma'aikata

A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Dokar ta shafi ofisoshin gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Ta tanadi cewa a karɓi bayanan mutum gwargwadon buƙata kawai, a tsare su, kuma idan aka samu kutse ko ɓatan bayanai mai iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

Sakataren da ke riƙe da sunayen masu karɓar tallafi, da jami'in asibitin da ke da rajistar marasa lafiya, da akawun da ke shirya takardar albashi, duk amana ce a hannunsu. Muna ba da shawarar a raba na'urar aiki da ta gida, kada a ɗauki hoton jerin sunaye da lambobin asusu a tura a zauren hira na jama'a, kuma kada a kai irin waɗannan takardu shagon buga takardu na kasuwa a bar kwafinsu a kwamfutar shagon. Kwamfutar da za a yi gwanjonta a goge rumbun ajiyarta tukuna. Ofishin da ke son gwada Linux ya fara da kwamfuta ɗaya ko biyu, ya tabbatar firinta da manhajar albashi suna aiki, ya kuma sami amincewar sashen da ke kula da na'urori kafin ya faɗaɗa.

Kammalawa

Ɗan jarida ko jami'in da ke riƙe da bayanai masu haɗari yana da dalilin neman waya ta musamman, kuma ofishin da tsofaffin kwamfutocinsa suka daina samun tallafi yana da dalilin duba Linux. Ga sauran jama'a kuwa, mafi yawan ɓarnar da ake gani tana shigowa ne ta hanyar waya maras kulle, da manhajar da aka ba izini ba a karanta ba, da lambar sirrin da aka faɗa wa baƙo. Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata da su isar da waɗannan bayanai ga waɗanda ba su iya karatu ba, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.