Tashar Jirgin Kano da Unguwannin da Ta Raya

A shekarar 1911 ne layin dogo ya iso Kano, aka kafa tasha a wajen ganuwa. Ba a jima ba bakinta ya cika da ƴan dako, da dillalai, da fatake, da masu tuwon sayarwa. Sabon Gari ya tsiro domin baƙin kudu. Fagge kuwa, tsohon zangon ayarin Azbin, ta ci gaba da saukar da mutanen arewa. Gyaɗar ƙasar Magarya da Dungas ma ta nan ta riƙa bi zuwa Ikko.

Farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa suka kawar da dalar gyaɗa, amma kasuwannin unguwannin suka tsaya da ƙafarsu. Saboda haka, mai neman tarihin manoman kudancin Damagaram sai ya bi ta Fagge.