Azara a Cikin Ƙasa: Gidan Madaki da Ginin Soro a Ƙasar Bauchi

A garin Bauchi na yau, tun daga cikin ganuwa har zuwa Shadawanka inda barikin soja yake, siminti da kwano sun mamaye gine-gine, ta yadda mai neman ginin gargajiya mai ƙashin itace sai ya nufi arewa zuwa Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa. A can ne Gidan Madaki yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin babban masallacin Juma'a na Zariya, ya gina wajajen shekarar 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, kuma yana cikin gine-gine na farko da gwamnati ta sanya a jerin kayan tarihin ƙasa a 1956.

A Jamus da Ingila, tsofaffin gidaje masu ƙashin katako suna nuna itacensu a fili, amma maginin Hausa yakan binne nasa cikin ƙasa, har baƙo ya ɗauka cewa laka ce kaɗai ke riƙe da rufin. Itacen nan shi ne azara, wato gangar giginya da aka tsaga gida-gida, kuma an fi son ta namijin giginya saboda taurinta da yadda gara ba ta cinta da sauƙi. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar bango da bango ta haura kimanin mita 2, wannan ƙarancin kuwa shi ya haifar da mafi girman dabarar magina, wato bakan gizo. Ana kafa azarori a cikin bangon tubali, a ɗaure wasu a kansu da igiya, kowane sahu ya ɗan ƙara karkata zuwa ciki, har na hagu da na dama su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Idan irin waɗannan bakuna suka gitta juna a tsakiyar soro, ana kiran tsarin ɗaurin guga, a kansa kuma ake ɗora tulluwa, wato ƙubbar rufi.

Ƙarfin wannan gini duka ya rataya ne a kan hana ruwa isa ga itacen, shi ya sa ake shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ake kuma gyara indararo kafin damina. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979 tana iya hana rushe gini, amma ba ta samar da giginyar da ta ƙosa ko maginin da ya gaji ɗaurin baka, kuma gyara da siminti, wanda ake ganin gata ne, yakan tsare danshi a ciki har azarar ta ruɓe ba a sani ba.