Allon Maɓallai da Haruffan da Aka Manta

A hunturun bara wani abokin aikinmu ya kawo mana wata tsohuwar kwamfuta irin ta gida ta shekarun 1980, wadda ya gada daga yayansa da ya yi karatu a Ingila. Ta kama wuta lafiya lau, amma kome muka danna sai ta yi mana kunnen uwar shegu. Wanda ya san bujin Magarya da na fadamar Wurno ba sai an gaya masa dalili ba. Muka kwance ta, muka tarar ƙura ta daskare tsakanin robar da ke ƙarƙashin kowane maɓalli da faifan da take taɓawa don wuta ta ratsa. Auduga da ɗan sifirit suka raba gardama. Kafin la'asar kowane harafi ya amsa kira.

Sai wani ɗalibi ya ce a rubuta masa “ƙasa”. Aka yi tsit. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, kuma wannan ba aikin ƙura ba ne.

Jama'a, ciwon nan ya girmi kwamfuta. Tun da aka fara boko ake fama da waɗannan sautuka uku. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 wasu alamomi ya sa musu. Masu ƙugiyar nan da muka saba da su sun kankama ne a zamanin da R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, wadda ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Maɗaba'a ta samu haruffanta, amma tafiretar ofis ba ta samu ba. Mu da muka buga jarrabawar Hausa a kan sitensil mun tuna yadda muke bi layi-layi muna lanƙwasa haruffa da hannu. Ka tsallake guda, baƙi ya koma baki, ɗari ya koma dari, yaro ya faɗi a kan laifin da ba nasa ba. Littattafan kasuwar Kano da yawa ma haka suka fito tsirara, kuma a ganinmu mai karatu ya yi haƙuri fiye da kima.

An yi ƙoƙari. A shekarun 1980 Bajamushen nan Hermann Zapf ya taimaka wajen zana haruffan harsunan Nijeriya, kamfanin Olympia ya ƙera musu tafireta, sai dai ba mu taɓa ganin ko guda a makarantunmu ba. A 1991 tsarin Unicode ya ba kowanne daga cikin haruffan lambarsa, sannan a cikin shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da haruffan Rabi'at da Abdalla, marubuta suka ɗan numfasa.

Tsohuwar tamu ta riga duk wannan zuwa duniya. Muka buga wa yaron “kasa” a takarda, ya ciro biro ya yi wa k ɗin ƙugiya.